Mahaifiyar wanda zan aura ta ce na yi gajarta

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa, ya aiki, ya jama'a?

Ni budurwa ce, ina karatun aikin jinya, tsayina santimita 147. Mun daidaita da wani bawan Allah, dogo ne, har magabatansa sun zo gaisuwa. Kwatsam mahaifiyarsa ta gan ni a gidan biki, ta dube ni sama da ƙasa, ta koma gida ta ce ba da ita ba, wai gajeruwar mace ba ta haihuwa da kanta. Tun daga nan maganar sa rana ta tsaya cak.

Anti, ba zan ce Hajiya ba ta da hujja ba. A wurin awo ina gani da idona, ana tsayar da mai ciki jikin ma'auni, in ba ta kai santimita 150 ba a rubuta a katinta, a ce lallai ta haihu a asibiti. Dalili, ƙugu yakan yi ƙanƙanta, kan jariri ya kasa wucewa, naƙuda ta yi tsawo, in babu tiyata a kusa a nan ake gamuwa da yoyon fitsari. Amma wannan hatsarin naƙuda ne, bai hana ɗaukar ciki, kuma zuwa awo da haihuwa a hannun ma'aikata suna rage shi ƙwarai. Mahaifiyata ba ta fi ni tsayi ba, mu bakwai ta haifa.

Abin da ke ci mini rai, ba ko'ina ake auna mace haka ba. Binciken wata masaniya mai suna Rebecca Sear a ƙauyukan Gambiya ya nuna 'ya'yan dogayen mata sun fi rayuwa, amma gajarta ba ta hana mace samun miji ba. Mutanen Hadza na Tanzaniya kuwa, binciken 2009 ya nuna ba ruwansu da tsayi wajen aure, har a samu mata ta fi mijinta.

Shi yana sona, amma ba zai saɓa wa mahaifiyarsa ba, ni ma ba zan so ya saɓa mata saboda ni ba. Ban kuma isa in zaunar da ita ina mata bayanin ƙugu ba, sai a ce ba ni da kunya. Shin in roƙi gwaggona ta je ta same ta, ko mu nemo wata babbar ungozoma da za ta saurara? In kuma ta kafe, in jira ne ko in haƙura da shi?

Don Allah ki karanta a shirin wannan makon, a sakaya sunana.

Ƙanwarki daga Zariya.