Tumbi da raunin ƙafa na kayar da dattawanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin jama'ar Kaduna kan faɗuwar dattawanmu, musamman a banɗaki. Mun saba ɗaukar tumbi alamar hutu, alhali idan teɓa ta haɗu da raunin tsokar cinya, nauyi kan rinjayi ƙafa har mutum ya kasa tare kansa in ya yi tuntuɓe, kuma karayar ƙugu kan kwantar da tsoho watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, haɗe da atisayen ƙarfafa tsoka. Ina kira ga gwamnatin jiha ta ware wa dattawa lokaci da masu koyarwa a Dandalin Murtala.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna