Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu a kan ƙananan agogunan dashbod na tsofaffin motoci masu gudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu masu kawo mana aiki, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Mun rubuto ne domin mu sanar da ku wani tsari da garejinmu ya tsayar game da ƙananan agogunan nan da ke zaune a tsakiyar dashbod, wato na ƙarfin baƙin mai, da na zafinsa, da na cajin batir. Daga yanzu ba za mu cire agogo mu sa wani ba sai mun gwada shi tare da sensarsa (wato na'urar da ke jikin inji mai aika wa agogo awo) da wayoyinsa, kuma idan canji ya zama dole, agogo da sensa za mu canza tare. Mun san wannan zai ƙara muku jira, wani lokaci har da kuɗi, shi ya sa muka ga haƙƙinku ne ku ji dalili.

Masu ƙera waɗannan motoci ba don ado suka sa agogunan ba. Marsandi 190E 2.3-16, wadda ta shiga kasuwa a 1984, ta zo da agogon zafin baƙin mai da na caji da na ƙidayar lokaci a ƙasan rediyo, domin inji ne da aka gina don a matsa masa. Jar fitilar mai da ke gaban direba ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, kuma a kan gudu, kafin mutum ya sami wurin tsayawa, sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku. Agogo shi ne ke ba da labari tun da sauran dama. A nan Sakkwato kuwa, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wanda ya ɗauki hanyar Gusau ko ta Birnin Kebbi da tsakar rana yana buƙatar wannan labari fiye da mutumin Jamus da aka ƙera motar dominsa. Baƙin mai yana aikinsa lafiya tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya haura 130 ya zauna a can, ya tsinke, ƙarfinsa ya ragu, abin da ke biyo baya shi ne inji ya buga.

Abin da ya fi damunmu shi ne agogon da ke motsi amma ba gaskiya yake faɗa ba. Wanda ya mutu, mai mota ya san ya mutu, zai yi hattara. Da yawa daga cikin agogunan motocin Turai na wancan zamani na kamfanin VDO ne, masu faɗin milimita 52, kuma sensar ƙarfin mai da ke tafiya da su tana aiki ne daga om 10 zuwa kimanin 180 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Sensar tsarin Amurka kuwa daga 240 take saukowa zuwa 33, don haka idan aka haɗa ta da agogon Turai, allura sai ta riƙa tafiya a juye. Wannan ma da sauƙi, domin ido zai gani. Mafi hatsari shi ne a ɗaura sensa mai bar 5 a kan agogo mai bar 10 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin mai): komai zai yi kamar daidai, alhali allura tana nuna ninki biyu na ƙarfin da ke cikin inji. Mai mota yana tafiya hankalinsa kwance, karanshaf yana cin kansa. A ido sensocin biyu kusan ɗaya suke, kuma a kasuwar kayan gyara ba kowane mai shago ne ke duba lambar da ke jikinsu ba.

Ga gwaji ɗaya da kowa zai iya yi a gida. Ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Idan allurar ƙarfin mai ta haye can sama alhali inji bai tashi ba, to a irin wannan tsari alama ce ta waya ta yanke ko sensa ta mutu, kada ku ɗauka lafiya ce.

Galibin agogunan da ake kawo mana da sunan sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Laifin yakan kasance a wayar at, wato wayar da ke mayar da lantarki jikin mota, da ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta da ƙarfen mota, ko dalmar da zafi ya tsattsage a bayan agogo, ko ƙurar hunturu da ta taru a soket. Akwai kuma farin tef na masu gyaran famfo da wasu ke naɗawa a tiredin sensa don hana yoyo, wanda ke iya raba ta da jikin inji, alhali ta nan take samun at. Duk waɗannan muna gyara su, mu mayar muku da agogonku na asali, domin shi ya dace da fuskar dashbod, kuma yana cikin abin da ke riƙe darajar motar ranar sayarwa. Agogon caji shi ne mafi sauƙi: muna gwada shi da mita, batir mai lafiya ya nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, 13.8 zuwa 14.4 idan inji yana aiki.

Abu biyu ne ba za mu yi ba ko da an roƙe mu. Ba za mu tura sensa mai tiredin 1/8 NPT, wato awon Amurka, cikin ramin M10, wato awon milimita, da ƙarfi ba, sai da mahaɗin da ya dace, domin ramin jikin inji ne ke lalacewa. Ba kuma za mu jawo siririn bututun roba mai ɗauke da baƙin mai har cikin mota ba, kamar yadda wasu agoguna marasa lantarki ke buƙata, saboda a zafinmu roba tana bushewa ta fashe, ta watsa mai mai zafi a ƙafar direba.

Muna roƙon duk wanda zai kawo mota ya zo da safe, ya bar mana ita har inji ya yi zafi sosai, domin ƙarfin mai na gaskiya sai a inji mai zafi ake sanin sa. Wanda ya riga ya sayi agogo ko sensa ya zo da su cikin kwalinsu mu duba lambobin kafin a kwance komai. Duk abin da muka cire za mu damƙa muku shi a hannu.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Shugaban gareji da ma'aikatansa,
Sakkwato