Tunatarwa kan albashi da fanshon ma'aikatanmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, barkanmu da warhaka.

Tun watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma yanzu duk shekara 3 za a riƙa duba shi, ba 5 ba. Mai ma'aikata 25 ko fiye, ta hau kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne fansho. Dokar 2014 ta ce mai ma'aikata 15 zuwa sama zai sa kashi 10 cikin ɗari, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, a tura asusun fanshonsa cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Wasunmu suna cire takwas ɗin, sai a juya kuɗin a sayi dizal ko a biya haya, a ce sai kasuwa ta buɗe. Don Allah mu daina. Direban da ke ganin an zaftare masa kuɗi a takardar albashi, ya duba wayarsa bai ga saƙon shigarsu ba, gumin tsufansa muka riƙe. Tarar jinkiri kuma ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari duk wata.

Ga kuma inshorar rai ta ninkin albashin shekara sau 3, da kashi 1 cikin ɗari na NSITF (hukumar da ke biyan ma'aikata diyya) saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Kowa ya zauna da akantansa kafin albashin wannan wata. Mai tambaya ya ajiye ta nan.