Godiya ga ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu: auta ta fara ganin allo

Assalamu alaikum.

Ni manomin riɗi ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma abin da aka yi mini a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu ya wuce in yi godiyarsa a zaure in kaɗe riga in tashi. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na kawo ta nan kowa ya gani.

Autarmu zabiya ce, shekararta 9. Wanda bai zauna da zabiya ba, farar fata kawai yake gani. Bai san cewa sinadarin da ke ba fata launi ido ma yana buƙatarsa ba. Ganinta gajere ne, ƙwayar idonta na rawa, rana kuwa in ta take sai ta runtse ido tana hawaye. Shekara biyu tana zuwa firamare, littafinta fes kamar ranar da na sayo shi. Aka ce daƙiƙiya ce. Aka ce taurin kai ne. Ta sha bulala a kan rashin kwafar aiki. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa yi mata faɗa har ta ƙi cin tuwo.

Yawon da na yi kuwa ba a magana. Wata makarantar kuɗi a cikin gari ta karɓi kuɗin fom, da suka ga yarinyar sai aka ce mini, "Ba mu da kayan aikin irinsu." Irinsu! Har yau kalmar nan tana yi mini ɗaci, kuɗina kuma ba su dawo ba. Wani ofishin sau uku ina zuwa a kan acaɓa, kullum oga ya fita, in dawo jibi. Wani mai ba da shawara ya ce in kai ta Tudun Maliki a Kano, makarantar kurame da makafi. Makaranta ce mai daraja, amma yarinyar nan ba makauniya ba ce, in ta kusanto da faifai tana tsince wake tsaf. Uwarta ta ce ba inda za a kai mata 'ya. Kakarta ta ce a bar ta a gida, ai karatun allo ya ishe ta.

Da na shiga ofishin ilimi, gaskiya ban je da wani fata ba. Aka ba ni kujera, aka rubuta ƙorafina, aka tura ni wurin wata Hajiya mai kula da yara masu buƙata ta musamman. Ba zan faɗi sunanta ba don na san ba za ta so ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, a ina take zama a cikin ajin?"

Wallahi ban sani ba. Shekara biyu ina zargin kan yarinya, ban taɓa leƙa ajin ba.

Bayan kwana huɗu sai ga Hajiya a ƙauyenmu. Ba ta tsaya ofishin hedimasta shan ruwa ba. Ta ce auta ta nuna mata wurin zamanta, can ƙurya ta baya, gefen taga, inda manyan yara suka tura ta. Mace babba ta tattare mayafi ta zauna a ƙasa a wurin, ta ɗaga kai ta dubi allo. Allon ya koɗe ya zama ruwan toka, hasken taga na dukansa. Ta kira malamin ajin a hankali, ba a gaban yara ta ci masa fuska ba, ta ce, "Malam, zo ka zauna nan ka karanta mini abin da ka rubuta." Mai lafiyar ido ma da kyar ya haɗa layi biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, gyaran bai ci wani kuɗi ba. Aka sake baƙanta allon. Aka dawo da auta sahun gaba, hasken taga na bayanta. Malam ya riƙa rubutu da manyan baƙaƙe, kuma duk abin da alli ya rubuta baki ya faɗa. Takardar jarrabawa ofis ya ƙara mata girma a fotokwafi, aka ƙara mata lokaci. Taron safe kuwa a inuwar darbejiya take tsayawa, da malafa a kan hijabi, don Hajiya ta gaya mana rana ce babbar abokiyar gabar fatar zabiya, har cutar daji tana jawowa.

Ashe ba autata kaɗai ba ce. A zaman nan ɗaya Hajiya ta gano wani yaro da sanƙarau ya taɓa wa kunne, wanda shi ma ake kira gaula. Ta ce malam ya daina magana yana fuskantar allo, ya juyo yaron ya ga bakinsa. Yaran rugage da Fulatanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ta haɗa kowannensu da abokin zama mai jin harsunan biyu. Ta kuma nuna yadda za a kasa aji gida uku na ɗan lokaci kullum, masu baƙaƙe daban, masu haɗa kalma daban, masu karanta jimla daban, lissafi kuma da marafan lemo da guntayen kara. Malamin ma na daina ganin laifinsa. Mutum ɗaya da yara sun haura tamanin, ba wanda ya taɓa nuna masa wata dabara.

To me ya hana sauran wurare? Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce ban da zabiya ko gurgu ba. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024, amma har gobe za ka ga sabon aji, fenti na sheƙi, matakala uku a ƙofa, ba gangaren da keken guragu zai hau. Yaron da shan inna ya taɓa sai ya bar kekensa a rana ya ja jiki. Kwangila ake kallo, ba a kallon wanda zai shiga.

Ranar kasuwa na kai wa Hajiya kwano biyu na riɗi da ƙwan zabi. Ta yi dariya ta ce, "Malam, mayar wa auta da ƙwan, riɗin kuma ka sayar ka yi kuɗin mota." Ta ba ni takardar zuwa asibitin ido a Kano, ta faɗa mini gaskiya cewa tabarau ba zai mayar da ganin daidai da na kowa ba, amma zai rage.

Allah ya saka wa Hajiya da Sakataren Ilimi da masinjan da ya ba ni kujera da alheri, ya jiƙan mahaifa. Jiya auta ta karanta mini rubutun jikin buhun taki, hancinta na kusan taɓa buhun. Kano kuma sai an kaɗe riɗi, in Allah ya kai mu.

Naku,
Mahaifin auta, daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa