Godiya ga mai shagon gyaran waya na bakin Kasuwar Dole da yaransa

Assalamu alaikum mutanen Damagaram da duk wanda rubutun nan ya iske. Ni ba mai yawan rubutu ba ne, amma wannan karon na ga in na yi shiru ban kyauta ba, an ce yaba kyauta tukuici. Malam mai shagon gyaran waya da tele na layin masu gyara a bakin Kasuwar Dole, kai da yaranka biyu nake nufi. Na ce zan sa sunanka da na shagon ka ce a'a in bari, to na bari, amma godiyar kam ba zan bari ba.

Ga yadda abin ya faru. Ƙanena yana aiki a Yamai, kusan kilomita 900 tsakaninmu, matarsa ta haihu aka yi suna can, Inna ba ta iya wannan doguwar tafiyar a mota saboda ƙafa da kuma ido da ya yi rauni. Sai ya turo mana bidiyon suna ta WhatsApp guda bakwai, na sauke su a tablet na kai mata, ta kawo shi dab da fuska ta juya ta sake juyawa ta ce ita fa inuwa kawai take gani, ba ta rabe jaririn da zanen da aka naɗe shi. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Muna da tele babba a ɗakinta amma ba irin mai shiga intanet ba ce, sai wani abokina ya ce in sayi ɗan kile ɗin nan da ake soka wa a ramin HDMI, duk abin da ke kan tablet sai ya fito a tele ba tare da an ja waya ba. Ranar Alhamis na saya a tebur cikin kasuwa jaka shida na kawo gida da murna.

Kwana tara ina fama. Wani lokaci tablet ta ga kile ɗin wani lokaci ta yi ta nema ba ta gan shi ba, in Allah ya sa sun haɗu hoto ya fito ya yi minti biyu ko uku sai ya tsaya cak, sai tele ta yi baƙi sai tambarin kile ya dawo kamar yanzu aka kunna, ga Inna zaune a kan darduma tana jira tana ce mini bar shi ɗan nan kar ka wahalar da kanka, ni kuma wannan bar shi ɗin ya fi komai yi mini ciwo. Na ɗauka rezo ne, na sayi forfe har sau uku ina cewa ko mega ne bai isa ba.

Da na zo shagonka niyyata in sayi wani kile mai tsada, har na ce maka ka ba ni wanda ya fi kowanne. Ga su nan rataye a bayanka, da ka ciro ɗaya ka miƙo mini da na biya na tafi ina godiya. Amma sai ka ce Alhaji zauna tukuna mu ga wanda ke hannunka, ka jona shi a telen shago, cikin minti ɗaya bidiyon suna ya fito tas ya yi ta tafiya har ƙarshe bai tsaya ba. Sannan ka yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini, ka ce a gida ina kake soka wayar wutarsa? Na ce a ramin USB na bayan tele mana. Ka ce to nan ne. Ka bayyana mini cewa irin wannan ramin na tsofaffin tele yawanci miliamfa 500 yake bayarwa, wato rabin amfa, shi kuwa kile in ya fara aiki sosai yana son wajen amfa ɗaya, shi ya sa yake kunnuwa lafiya amma da bidiyo ya ɗau zafi sai wuta ta gaza masa ya mutu ya sake tashi. Ka ɗauko kan caja mai bolt 5 ka ce in riƙa sa shi a priz ɗin bango. Dala ɗari biyu ka karɓa, kuɗin cajar kenan.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da ka yi kana koya mini, ga mutane na jira ka sa yaronka ya ji da su. Ka ce hanyar tura hoto daga tablet zuwa tele ba ɗaya ba ce, mutane ne ke haɗa su wuri guda shi ya sa suke ruɗewa. Akwai wadda ake ce wa Miracast, tun 2012 take, ita tablet da kile suna magana ne kai tsaye tsakaninsu da wifi nasu na kansu, ba ruwanta da intanet ko kaɗan, duk abin da ke fuskar tablet shi take kwafa ta kai tele kamar madubi, to in bidiyon ya riga ya sauka a cikin tablet ko mega ɗaya ba za ta ci ba. Nan ne na gane forfe uku da na saya ba su da alaƙa da matsalata. Sai kuma irin ta Chromecast wanda Google suka fitar a 2013, ita dole tablet da kile su kasance a kan wifi guda ɗaya, tablet umarni kawai take bayarwa, kile ɗin ne da kansa yake zuwa intanet ya ɗauko bidiyon, shi ya sa ko ka fita daga YouTube ka shiga wani abu a tablet tele tana ci gaba da nunawa. Ka ce a wannan hanyar in tablet na kan wifi ɗin gida kile na kan na waya ba za su taɓa ganin juna ba, haka in an bar VPN a kunne sau da yawa yana ɓoye su ga juna. Su kuma masu iPad tasu daban ce, AirPlay.

Ashe nawa kile ɗin yana da wani ɗan maɓalli ƙarami a gefe mai sauya shi daga wani tsari zuwa wani, yara a gida suna dannawa, shi ya sa wata rana a gan shi wata rana ya ɓace. Ka nuna mini rubutun da zan duba a tele in san a wane tsari yake. Ka kuma nuna mini inda abin yake a parametir, ka ce kowane kamfani da sunan da ya sa masa, a Samsung Smart View ne, a wasu kuma sai ka ja labulen sama na tablet ka nemi ɗan hoton tele, kuma ka ce akwai tablet ɗin da sam ba su zo da Miracast ba, mutum ya duba tukuna kafin ya kashe kuɗinsa.

Na koma gida na yi yadda ka ce, mutuwar da yake yi ta daina, amma hoton yana ɗan sarƙewa yana yin dabbare-dabbare. Na kira ka ina jin nauyi don na ga kamar na cika damunka, ka ce ba komai bayan la'asar yaro zai zo. Kuma ya zo, a kabu-kabu har cikin Birni, ya nemi gidan da kwatance. Yaron nan Allah ya yi masa albarka, ya yi sallama ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Inna kafin ya taɓa komai, ya ce Inna ina wuni ya jiki, ta ce ɗan wa ne wannan mai hankali haka.

Da ya leƙa bayan tele ya sa hannu sai ya ce Baba taɓa ka ji. Kile ɗin ya yi zafi rau, na matse shi tsakanin tele da bango ba iska, ga zafin watan Afrilu da kowa ya san yadda yake a garin nan, zafi ya wuce digiri 40. Ya ciro ɗan guntun kabul na HDMI ya ƙara masa tsawo kile ya sauko ƙasan tele yana shan iska, ɗan eriyan da ke jikin wayar wutar kile ɗin wanda ni na naɗe na ɗaure da roba don kar ya yi ta reto ya warware shi ya fito da shi gaba. Sannan ya tambaye ni ina nake zama da tablet in ana kallo, na ce a tsakar gida saboda zafi, ya yi mini bayani cewa katangar ƙasa irin tamu ta Birni mai kauri tana shanye wifi sosai, in ana so hoto ya tafi sumul tablet ta zauna cikin ɗaki mita biyu ko uku da tele ba abin da ya shiga tsakani. Ya ce wifi yawanci kala biyu ne, akwai mai 2.4 akwai mai 5, mai 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa don Bluetooth ma nan yake bi da wifi ɗin maƙwabta duka, mai 5 ya fi sauri da sarari amma ba ya nisa, kuma ƙananan kile masu araha irin nawa yawanci 2.4 kaɗai suka sani. Ya kashe Bluetooth, ya cire tablet daga wifi ɗin wayata da na bari a haɗe don ya ce aiki biyu take yi lokaci guda da eriya ɗaya, ya kashe tsarin tattalin batir, ya kunna juyawar fuska ya kwantar da tablet a kan matashi sai hoto ya cika tele.

Kuma bai ɓoye mini iyakar abin ba. Ya ce Baba akwai manhajojin fim na biya da in ka tura su ta hanyar madubi za ka ji murya amma tele ta yi baƙi, wannan kariya ce masu fim ɗin suka sa don kar a kwafa, ba lalacewa ba ce kar ka je ka sayi wani. Ya ce kuma kullum tele za ta ɗan yi baya kaɗan da tablet, haka abin yake. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye shi ma gefe da gefe zai yi baƙi, sai dai a ce wa mai ɗauka ya riƙa kwantar da wayar, na kuwa faɗa wa ƙanena a daren.

Sai muka sa bidiyon suna. Inna ta matso da darduma gaban tele, da aka nuno fuskar jaririn ta cika gilashin sai ta yi shiru, can ta miƙa hannu ta shafa ta ce wannan ai goshin Malam ne, mahaifinmu take nufi Allah ya jiƙansa. Ta yi hawaye ta yi dariya ta ce a maido, aka maido sau huɗu, matan gida da na maƙwabta suka cika ɗakin. Yaronka na tsaye bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Na ba shi jaka biyu ya ƙi karɓa ya ce maigida ya ce kuɗin kabul da na kabu-kabu kawai, sai da Inna ta ce karɓi na goro daga hannuna ni kakarka ce sannan ya karɓi dala ɗari da hannu biyu.

Yau sati uku kenan, ko an ɗauke kuran an maido, kile ɗin da kansa yake tashi, ƴata ƴar shekara 12 ita ke haɗa wa kakarta yanzu, har karatun Alƙur'ani da wa'azi da muka sauke take sa mata bayan isha'i. Malam na gode, na gode ƙwarai, Allah ya sa albarka a shagon nan ya buɗa kasuwa ya raya maka zuri'a, yaran da kake koya wa sana'a Allah ya sa su ma su buɗe nasu. Inna ta ce in gaishe ka da kyau, kuma ta ce ranar Alhamis in na shigo kasuwa in biyo in kawo wa jikan nata alkaki, to ka faɗa masa kar ya yi nisa da shago wajen azahar.

Naku,
wani ɗan Birni, Damagaram