Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya kan hukunta amintaccen kotu

Assalamu alaikum Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: tunda kotu ce ke sa ido kan amintaccen da ke riƙe da dukiyar wanda ya yi karayar arziki, me zai hana ta ci shi tara ko ta tsige shi nan take, ba sai an ɓata lokaci ana jin ta bakinsa ba?

Ikon kam tana da shi. A Ingila, sashe na 303 na dokar karayar arziki ta 1986 ya ba mai bin bashi, da shi kansa wanda ya karye, damar kai ƙarar amintacce, sashe na 304 kuma ya ce a sa shi ya biya idan ya yi wa dukiyar ta'adi. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a wayi gari mutum ya ga umarnin biya daga aljihunsa, alhali ba a sanar da shi zargin ba, balle a ba shi lokacin amsawa.

Ɗauki misali. Mai bin bashi ya rantse cewa amintacce ya karyar da injinan kamfani a wulaƙance. A takarda abin ya yi muni. Amma a cikin fayil ɗin amintaccen akwai rahoton mai kimanta kaya, da tayin masu saye biyu kacal, da takardar mai rumbun ajiya yana neman kuɗin haya da ke hauhawa duk wata, ga injinan suna tsatsa. Alƙalin da bai buɗe wannan fayil ba, rabin magana ya ji. Shi ya sa Annabi (SAW) ya gargaɗi Sayyidina Ali kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu. A 1963 ma, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ce korar shugaban 'yan sandan Brighton haramtacciya ce a shari'ar Ridge da Baldwin, don ba a saurare shi ba.

Amintacce kullum a tsakiyar fusatattu yake, duk shawarar da ya yanke sai ta ɓata wa wani rai. Saboda haka ne sashe na 215 na dokar karayar arziki ta Kanada ya hana a maka shi a kotu sai da izininta. Idan ya san ana iya hukunta shi a bayan idonsa, zai daina bin kadarorin da aka ɓoye, ya riƙa garzayawa kotu neman izini kan kowane ƙaramin abu, kuɗin lauyoyi kuma daga rabon masu bin bashi ake cire su.

Idan ana tsoron kuɗi za su salwanta, alƙali na iya rufe asusun yau ba tare da sanarwa ba. Sai dai umarnin ya zama na wucin gadi, a sa rana kusa, amintaccen ya zo da takardunsa ya kare kansa kafin a taɓa aljihunsa ko lasisinsa.

Wassalam.