Lambar nan tawa har yanzu ba ta zauna ba

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙafar Baba? Ka yi masa sannu, ka ce ina nan ina masa addu'a.

Na san shirun ya yi yawa. Saƙonka ya fi wata 2 a wayata, kullum ina cewa yau zan zauna in ba ka amsa mai tsawo, sai wani abu ya gitta. Ka tambaye ni wane irin allon bugu ya kamata ka saya wa ƙaninka tunda shi ma fikilbol ta kama shi, wasan nan mai kama da tanis da ake bugawa da allo da ƙwallon roba, kuma za mu yi wannan maganar idan mun yi waya. Amma bari in fara sauke abin da ke cina a rai, domin kai kaɗai ne za ka saurare ni har ƙarshe.

Akwai gasar 'yan bibbiyu da za a yi ƙarshen watan gobe, rukunin masu lamba 3.5 zuwa ƙasa da 4.0. Ni da abokin wasana, dogon nan, muka yanke shawarar shiga, har mun fara atisayen asuba. Da na zo cike takardar rajista sai na ci karo da sharaɗi guda: dole mutum ya kasance yana da lambar DUPR, wato lambar da ke nuna ƙwarewar ɗan wasa, kuma ma'aunin tabbacinta ya kai 60. Na buɗe manhajar da sauri. Lambata 3.6 da 'yan kai, daidai cikin rukunin. Ma'aunin tabbacin kuwa 41. Na daɗe ina kallon wayar, gabana yana faɗuwa, domin wata 5 na yi ina jiran wannan gasa.

Tunda kai mutumin ces ne, wasan darar nan na chess, na san za ka gane da wuri. Wani Ba'amurke mai suna Steve Kuhn ne ya kafa tsarin DUPR a 2021, kuma lambar tana tashi ne daga 2 zuwa 8. Sabon shiga yana ƙasa, irinmu muna tsakanin 3 da 4, manyan ƙwararru irin su Ben Johns suna can sama da 6. Lambar wasan ɗaiɗai daban, ta bibbiyu daban. A 2024 suka ƙara lamba ta biyu a gefe, daga 1 zuwa 100, wadda aikinta shi ne ta faɗa maka iya yadda za a yarda da ta farkon. Idan ta kai 60 sai a ce lambarka ta zauna, za a iya dogaro da ita.

Abin da na fara yi shi ne ƙirga. Wasa 26 aka shigar mini. Na ce haba, 26 fa! Ana tashi wasa a maki 11, da ratar 2, ka lissafa yawan bugun da na yi. Daga baya na sake bin jerin a hankali, suna bayan suna, a nan jikina ya yi sanyi. A cikin 26 ɗin, 21 da mutum 3 kacal na buga su: dogon nan, maƙwabcinsa, da malamin nan mai hular rana. A 19 daga ciki kuma ni da dogo ne a gefe ɗaya.

Ka ɗauka mutum biyu ne kullum suke hawa sikeli tare. Ko sau 100 suka hau, abin da za ka sani shi ne nauyinsu a haɗe. Wane ne mai nauyi a cikinsu, wane ne marar nauyi, sikelin ba shi da hanyar faɗa. Sai ranar da wannan ya hau da wani, wancan ma ya hau da wani, sannan lissafi zai fara rarrabe su. Haka nake da dogo. Kwamfuta ba ta ganin fili, ba ta san wa ya tare ƙwallon da ta zo tsakiya ba, sakamako kawai ake ba ta. Sannan ga matsala ta biyu: mu huɗun nan junanmu kawai muke gwadawa. Za a iya sanin wa ya fi wa a tsakaninmu, amma ina muka tsaya idan aka jera mu da sauran jama'a? Yana yiwuwa dukkanmu mun fi abin da aka rubuta, yana yiwuwa kuma dukkanmu ba mu kai ba.

Kai ma kada ka yi murmushi, ina ganinka daga nan. Shekara nawa ke nan kana faɗa wa mutane lambarka ta ces, alhali rabonka da zama gaban abokin karawa tun kafin a haifi autarka? Ai ko a dandalin Lichess, inda ake buga ces ta intanet, wanda ya daɗe bai buga ba sai ya tarar da alamar tambaya a gefen lambarsa. Na je na karanta asalin abin saboda kai. Arpad Elo, malamin kimiyyar fizis da aka haifa a Hangari ya zauna a Amurka, shi ya tsara lissafin da hukumar ces ta Amurka ta ɗauka a 1960, ta duniya kuma a 1970. Lamba ɗaya ce tak a tsarinsa. Sai a 1995 Mark Glickman ya kawo tsarin Glicko, ya ce a ƙara ta biyu mai nuna girman shakka: kana bugawa tana raguwa, ka daina tana ƙaruwa. Tunanin da ke bayan ma'aunin tabbacinmu ke nan. Don haka ka koma ka buga, ko kuma ka daina kiran lambar nan a gaban mutane.

To, sai na canza salo. Ranar Talatar da ta wuce na bar dogo a gida, na je wani fili da ban taɓa zuwa ba, inda ake jera allunan bugu a layi, wanda nasa ya zo gaba ya shiga da duk wanda ya tarar. Aka haɗa ni da wani saurayi mai ƙarfin hannu, muka fuskanci wata dattijuwa da ɗaurin gwiwa da abokiyar wasanta. Na duba, lambar dattijuwar ba ta kai tawa ba. Mutumina, gaba da gabanta. Matar nan ba ta gudu, ba ta duka da ƙarfi. Tana tsayawa ne daidai kan layin kicin, wato wurin nan mai ƙafa 7 daga raga da aka hana shiga a doki ƙwallo tun tana sama, ta ɗan karkatar da allonta, ƙwallon ta tsallake raga da ƙyar ta faɗo a gefen hagu na. Tak. In mayar, ta sake ajiye ta a wuri ɗaya. Tak. A karo na huɗu ko na biyar sai hannuna ya ɗaga ta sama kaɗan, abokiyarta ta kashe. Haka muka tashi 11 da 4. Da muka zo raga muna haɗa alluna, sai ta ce mini a hankali, ɗana, bugun bayan hannunka yana buƙatar aiki, amma ƙafarka tana da kyau.

Duk hanyar komawa gida maganarta nake juyawa. Wata da watanni dogo ne yake tsayawa ta yadda ƙwallon da za ta zo mini ta hagu shi yake miƙa hannu ya ɗauke. Ban taɓa lura ba, shi ma ban jin da gangan yake yi, sabo ne kawai. Wato a cikin 3.6 ɗin nan akwai rabon dogo. Ma'aunin da ya ce 41 gaskiya ya faɗa, kuma wallahi na ji daɗin sanin haka tun kafin gasa.

Af, kafin in manta. Ka ji mai gilashi ya koma karatu? A wannan shekarun nasa! Ya kira ni daren jiya yana ta murna wai ya ci jarrabawar farko. Na taya shi murna sosai, ya cancanta. Ya ce in faɗa maka har yanzu yana riƙe da littafin nan naka, kuma ba zai mayar ba sai ka zo da ƙafarka. Shi kuma wancan da muke kira shugaba ya sayar da motar, a ƙarshe. Ba zan rubuta wa ya saya ba, sai mun yi waya, don sai ka ji da kunnenka za ka yarda.

In koma kan maganata. Tambayar da kowa yake yi ita ce wasa nawa ake buƙata, ni ma da ita na fara. Yanzu na fahimci yawan wasa ƙafa ɗaya ce kawai. Akwai yawan mutanen da ka buga da su, a gefenka da kuma a gabanka. Akwai kusancin lokaci, domin wasan da aka buga bara ba shi da nauyin na makon jiya, kuma idan ka ajiye allo na tsawon lokaci tabbacin yana sauka da kansa. Akwai kuma wanda ya shigar da sakamakon: abin da kulob ko masu gasa suka shigar ya fi wanda 'yan wasa suka rubuta da hannunsu nauyi. Wannan ya yi mini daidai, tunda abokai huɗu za su iya haɗa baki.

Ko yawan ma, ba ya aiki yadda zuciya take so. Ka tuna ƙa'idar nan da muka sha wahalarta a aji, cewa idan kana so ka rage kuskuren awo zuwa rabi, sai ka ninka yawan awon sau 4? Wasannin farko suna gyara lamba da sauri, na baya kuma kaɗan-kaɗan. Ga shi wasa ɗaya na maki 11 gajere ne ƙwarai. Ƙwallon roba ce mai huji-huji, ba ta kai giram 30 ba, iska kaɗan ta isa ta kauce da ita. Ta taɓa saman raga sau 2 ta faɗo ɓangarenka, ka yi kuskuren sabis, wato bugun farko, sau ɗaya, shi ke nan wasa ya juya. Wa zai yanke wa mutum hukunci da irin wannan guda 5 ko 6?

Abu ɗaya da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne canjin da suka yi a watan Yulin 2025. Yanzu kafin a fara, lissafi yana da hasashen yadda ya kamata a tashi bisa lambobin mutum huɗun. Idan kuka yi abin da ya fi hasashen, lambarku ta hau ko da an ci ku. Idan kuka ci amma da ƙyar, a kan waɗanda ya kamata ku wuce su da nisa, tana iya sauka. Wasu a filinmu suna ƙorafi, wai ta yaya mutum zai yi nasara a rage masa. Ni kam ina goyon baya. Da can mutane suna gudun waɗanda suka fi su don kare lamba. Yanzu idan ka tsaya wa manya har 11 da 9, an gani kuma an rubuta. Kowane maki yana da daraja har zuwa bugun ƙarshe.

Akwai abin da ya ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Wata 2 da suka wuce na buga wasa 8 a wani kulob, da mutane daban-daban, irin waɗanda nake nema yanzu ido rufe. Mai shirya wasan ya ce zai shigar da sakamakon a daren. Har yau shiru. Na tuna masa sau 3, kullum sai ya ce gobe. Da sun shiga, da wataƙila ban zauna ina wannan lissafin ba. Ban yi faɗa da shi ba, amma na ji zafi, domin gumin mutane 12 ne yake kwance a cikin littafinsa.

Duk da haka ba na jin haushin sharaɗin 60 ɗin. Bara na kalli wata ƙaramar gasa da ba a sa irin wannan sharaɗi ba. Wasu mutum biyu da kowa ya san sun fi ƙarfin rukunin suka shiga da sabuwar lamba mai wasa 3 ko 4. Aka haɗa su da wani uba da 'yarsa, yarinyar ba ta wuce shekara 14 ba, gasarta ta farko. Aka tashi 11 da 0, aka sake 11 da 1. Na ga yarinyar ta zauna a benci tana kwance igiyar takalminta tana sake ɗaurewa, don kawai kada ta ɗaga kai. Ban sake ganinta a fili ba. Wasan da Joel Pritchard da abokansa biyu suka ƙirƙira a tsibirin Bainbridge na Amurka a 1965 don yaransu su sami abin yi, bai kamata ya zama abin da ke korar yara ba. Idan lamba mai tabbaci za ta hana irin wannan, na yarda in yi wahalar cika ta.

Yanzu dai tsarina shi ne fita sau 3 a mako, kowace rana da sabon abokin wasa, kuma ina neman wuraren da kulob ne da kansa yake shigar da sakamako. Tun daga Talatar nan na ƙara wasa 7. Lambar ta sauko zuwa 3.5 da ɗan kai, tabbacin ya hau zuwa 49. Saura mako 5 a rufe rajista. Dogo ya ɗan ji ba daɗi da farko, ya ɗauka gudunsa nake yi, sai da na zaunar da shi na yi masa misalin sikelin nan. Yanzu shi ma ya fara yawon filaye, domin nasa tabbacin 44 ne. Abin da ke hana ni barci shi ne idan lambar ta zame ƙasa da 3.5 kafin tabbacin ya cika, rukunin ya kuɓuce mana, sai dai mu nemi na ƙasa.

Ka faɗa wa ƙaninka tun yanzu kada ya maƙale wa abokin wasa ɗaya, ya riƙa shiga cikin baƙi ko da za a ci shi. Ka turo mini hoton autar, an ce ta fara tafiya. Idan da hali ka kira ni ranar Lahadi da yamma, lokacin na dawo daga fili, sai in faɗa maka inda tabbacin ya kai da kuma wanda ya sayi motar.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Abokinka